Yadda ake binciken lafiyar ƙwaƙwalwa a unguwannin Hausawan Legas, mataki bayan mataki

Kusan kowane wata sai wani ɗalibin jinya, ko mai digiri na biyu a fannin lafiyar al'umma, ko ma'aikaciyar wata ƙungiya ta turo min tambaya iri ɗaya: ina son in yi bincike kan damuwa ko shaye-shaye a tsakanin mutanenmu da ke Legas, ta ina zan fara? Yawancinsu sun riga sun buga takardar tambayoyi kafin su zo, alhali ita ce ta biyar a layi. Ga tsarin da nake bi, kuma jerin yana da muhimmanci, kada a tsallake wani a ce za a dawo masa.

1. Taƙaita tambayarka, ka fayyace su wane ne

"Matsalar ƙwaƙwalwa a tsakanin Hausawan Legas" ba tambaya ba ce da mutum ɗaya zai iya amsawa. Zaɓi matsala ɗaya, rukunin mutane ɗaya, wuri ɗaya. Misali: alamun ciwon damuwa ga masu jego a Agege, ko shan tiramadol a tsakanin 'yan dako a kasuwar Mil 12, ko rashin barci da fargaba ga masu gadin dare a Obalende, ko halin da 'yan acaɓa suka shiga tun da gwamnatin jiha ta hana su manyan hanyoyi a 2020 ta kuma ƙara tsanantawa a 2022.

Sannan ka rubuta ƙarara wa kake nufi da Bahaushe. A Legas duk wanda ya fito daga Arewa Hausa ake ce masa, ko Bafulatani ne, ko Babarbare, ko Buzu ko Bazabarme daga Nijar. Wanda aka haifi kakansa a Zangon Agege, yana jin Yarbanci kamar ruwa, rayuwarsa daban take da ta ɗan ci-ranin da ya sauko daga motar tumatir wata uku da suka wuce yana kwana a rumfa. In ka cakuɗa su ba tare da ka tambayi kowa shekarunsa a gari da yaren gidansu ba, sakamakonka ba zai bayyana ko ɗaya daga cikinsu ba.

2. Shirya inda za ka kai mutum tun kafin ka tambaye shi komai

Wannan ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma shi ne na fi ɗaukar zafi a kansa. In ka zauna da mutum ɗari huɗu kana tambayarsu abin da ke cikin zuciyarsu, sai ka haɗu da wanda zai ce maka ya gaji da duniya, ya ma tanadi abin da zai sha. A wannan lokacin ba ka da damar cewa "ni bincike kawai nake yi". Kai ka buɗe ƙofar.

Don haka kafin ka fita, ka je da ƙafarka asibitin shan-magani mafi kusa da unguwar, ka gana da babbar ma'aikaciyar jinya, ka tambaya ko akwai wanda aka horar da tsarin mhGAP na Hukumar Lafiya ta Duniya, wato tsarin da ke koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci gane damuwa da makamantanta da ba da taimakon farko. Daga nan ka san manyan wurare: Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Yaba, sashen masu taɓin hankali na asibitin koyarwa na Jami'ar Legas (LUTH) a Idi-Araba, da na asibitin koyarwa na Jami'ar Jihar Legas (LASUTH) a Ikeja. A LUTH ɗin akwai shirin SURPIN da ke aiki kan hana mutane kashe kansu. Ka san ranakun ganin likita, kuɗin kati, da ƙofar da ake shiga da gaggawa. Lambobin agajin gaggawa na jihar su ne 112 da 767. Ka samu likita ko ma'aikacin jinyar ƙwaƙwalwa guda ɗaya da ya yarda ya ɗauki wayarku a duk ranar da kuke fili.

Ka rubuta a shafi ɗaya abin da ma'aikacinka zai yi in an ba shi irin wannan amsa: ya ajiye tambayoyi, kada ya bar mutumin shi kaɗai, ya tambaye shi wa ya yarda da shi a kira, ya kira likitan, a raka shi a ranar.

Gargaɗi: takardar turawa asibiti kaɗai ba ta kai kowa ko'ina. Mutumin da bai jin Turanci ko Yarbanci, in ka miƙa masa takarda ka ce ya je Yaba, aljihu zai sa ta. Sunan "Yaba" ma kansa tsoro yake ba mutane, don a bakin 'yan Legas ya zama sunan gidan mahaukata. Ka ware kuɗin mota da ɗan rakiya mai iya tafinta.

3. Izinin hukuma

Duk binciken da ya shafi lafiyar mutane a Nijeriya sai kwamitin ɗa'ar bincike ya amince da shi, ƙarƙashin ƙa'idojin kwamitin ƙasa na NHREC. A Legas akwai irin waɗannan kwamitoci a LUTH, da LASUTH, da asibitin Yaba, da Cibiyar Binciken Lafiya ta NIMR. Za su nemi cikakken tsarin aikin, takardar tambayoyi, takardar neman yarda da Turanci da Hausa, da shafin nan na mataki na 2. Akwai kuɗin dubawa, kuma yakan ɗauki makonni, sau da yawa a dawo maka da gyara. In aikin zai taɓa ƙananan asibitocin gwamnati, ka kai takarda Hukumar Lafiya Matakin Farko ta jiha, ka kuma gaida jami'in lafiya na ƙaramar hukumar. Kada ka tattara ko amsa ɗaya kafin takardar amincewa ta shigo hannunka, domin ba a ba da ita a kan aikin da aka riga aka yi.

4. Shiga unguwa ta ƙofa

Da ɗan gari akan ci gari. Ka fara da Sarkin Hausawan wurin, ka je da wani da ya sani, ka zauna ka gaisa yadda ya kamata kafin ka ciro ko takarda ɗaya. Bayanin ya zama gajere: "Ranka ya daɗe, mun zo ne mu ji yadda tunani da rashin barci ke damun mutanenmu a nan, don a san irin taimakon da za a nema musu. Ba mu zo da allura ba, ba mu zo da magani ba, ba za mu ɗebi jini ba, ba kuma za mu rubuta sunan kowa a rahoto ba." Daga wurinsa sai limamai, sai shugaban sana'ar da ta shafe ka: sarkin fawa in abatuwar Oko-Oba ce, shugabannin 'yan tumaki in kasuwar dabbobi ce, shugabannin sassa in Mil 12 ce. In aikin na mata ne, malaman Islamiyyar matan aure da ungozomomi sun fi kowa buɗe maka gidaje. Kada ka manta unguwar ba ta Hausawa kaɗai ba ce. Ka gaida Baale, wato mai unguwar Yarbawa, da shugaban ƙungiyar ci gaban unguwa, don kada a ga baƙi na yawo da waya suna ƙirga ɗakuna a fara zargi.

Za a tambaye ka maganar Kano, ko a fili ko a zagaye. Gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara lokacin annobar sanƙarau ta 1996 bai fita daga zukatan mutane ba, kuma yana cikin abin da ya ƙara wa ƙin rigakafin shan-inna na 2003 ƙarfi. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Kada ka ce musu jahilci ne, domin abin ya faru. Ka nuna takardar kwamitin ɗa'a, ka faɗi wanda ya ba da kuɗin aikin, ka bar lambar da za a kira a kai ƙararka.

Gargaɗi biyu a nan. Na ɗaya, yardar Sarki izinin shiga ce kawai, ba ta maye gurbin yardar mutum shi kansa. Na biyu, kada ka yi alƙawarin asibiti, ko jari, ko buhun shinkafa. Na taɓa shiga wata unguwa bayan wata ƙungiya ta rubuta sunayen zawarawa da alƙawarin tallafi ba ta koma ba. Mako biyu muka yi muna gaisuwa kafin mace ɗaya ta yarda ta zauna da mu.

5. Takardar tambayoyi da fassararta

Kada ka ƙirƙiro ma'aunin damuwa da kanka. Akwai waɗanda aka gwada, kuma kyauta ne. PHQ-9 na ciwon damuwa ne, tambaya 9, maki daga 0 zuwa 27, kuma an saba ɗaukar 10 zuwa sama a matsayin wanda ya kamata likita ya gani. GAD-7 na fargaba ne, tambaya 7, maki har 21. SRQ-20 na Hukumar Lafiya ta Duniya amsarsa e ko a'a ce, don haka ya fi sauƙi ga wanda bai yi boko ba. Masu jego da EPDS mai tambaya 10 ake auna su, shaye-shaye kuwa da ASSIST. Ɗauki ɗaya ko biyu. Duka hirar kada ta wuce minti talatin, don ɗan dako kowane minti kuɗi ne a wurinsa.

Wahalar tana wurin Hausar. Mutanenmu ba kasafai suke cewa "ina da ciwon damuwa" ba. Abin da za ka ji shi ne "tunani ya yi min yawa", "gabana na yawan faɗuwa", "zuciyata na ƙuna", "kaina ya yi nauyi", "jikina ya mutu", "barci ya ƙaurace min", ko kuma a ce hawan jini ne, ko olsa. Wani zai ce sammu aka yi masa, wata ta ce iska ce ta taɓa ta, an yi ruƙiyya an sha rubutu. In kuwa ka buɗe baki da "taɓin hankali" ko "hauka", hira ta ƙare, domin a kunnen mai sauraro wanda ke yawo tsirara a bola kake nufi. Ka fara da barci, da cin abinci, da ƙarfin jiki, sannan ka gangaro zuwa zuciya.

Ga yadda ake fassarar. Ka fara nema ko akwai fassarar Hausa da aka riga aka gwada. Ko ka samu ko ba ka samu ba, mutum biyu su fassara daban-daban, ɗaya ma'aikacin lafiya, ɗaya wanda ba ruwansa da asibiti. A haɗa a daidaita. Mutum na uku wanda bai taɓa ganin ta Turancin ba ya mayar da ita Turanci, a kwatanta. Daga nan sai aikin da ya fi duka amfani: ka zauna da mutum goma zuwa goma sha biyar irin waɗanda za ka bincika, ka karanta musu kowace tambaya, ka ce, "Baba, in kai za ka yi wa wani wannan tambayar, yaya za ka faɗe ta?" A nan za ka gano kalmar da Bakano ya gane Basakkwace bai gane ba, da wadda yaron Agege bai taɓa ji ba sai an faɗa masa da buroka.

Zaɓin amsoshin PHQ-9 yana rikita mutane: ko kaɗan, wasu kwanaki, fiye da rabin kwanakin, kusan kullum, duk a cikin mako biyu da suka wuce. Mu wake muke amfani da shi. A zuba ƙwaya 14 a tabarma, a ce kowace ƙwaya kwana ɗaya ce daga Juma'ar waccan zuwa yau, ware min kwanakin da abin ya same ka. Tsoho da bai taɓa riƙe biro ba zai ware maka su daidai.

Tambaya ta tara, ta tunanin gara mutuwa ko cutar da kai, tana buƙatar shimfiɗa. Musulmi ya san hukuncin wanda ya kashe kansa, don haka amsar farko "A'uzubillahi" ce. Ka ce: "Inna, wannan tambayar kowa muke yi wa. Wani lokaci in abu ya yi wa bawa yawa, tunani kan zo masa ba da son ransa ba." Sannan ka karanta ta yadda take, ka yi shiru ka jira. Kada ka cire ta don kunya, kuma kada ka yi ta in ba ka kammala mataki na 2 ba.

Gargaɗi: waɗannan ma'aunai tacewa suke yi, ba su tabbatar da ciwo. A rahoto ka rubuta "masu alamun damuwa", kuma kada ma'aikacinka ya ce wa kowa "kana da ciwo kaza".

6. Mutum nawa, kuma su wa

In kana son sanin yawan masu matsala kuma ba ka da ƙiyasin farko, lissafin da aka saba yana ba da 384, wato an ɗauka rabi da rabi ne, da tabbacin kashi 95 da kuskuren kashi 5. Ƙara kashi 10 saboda masu ƙi, ya zama 422. In rukuni-rukuni za ka ɗauka, kamar layi-layi ko rumfa-rumfa, adadin zai ƙaru, a nan ka nemi masanin ƙididdiga. In kuwa fahimtar yadda mutane ke ɗaukar abin kake nema, hira mai zurfi da mutum ashirin zuwa talatin da zaman tattaunawa kaɗan, maza daban mata daban, sun fi maka ɗaruruwan takardu.

Babu jerin sunayen mazauna waɗannan wurare, kai za ka yi naka. Ku zaga da ɗan unguwa ku zana taswira, ku ba kowane gida ko rumfa lamba, ku zaɓa da ƙuri'a. A gidan haya mai ɗaki goma sha biyu, ɗaki ne gida. A ɗakin da samari takwas ke kwana, wasu da rana wasu da dare, ku rubuta duka ku ja ƙuri'a, in wanda ta faɗa wa ba ya nan ku dawo har sau uku.

Gargaɗi: kada ka bari shugaba ya tara maka mutane. Zai kawo na kusa da shi da masu baki, wanda kuwa damuwa ta kwantar a ɗaki ba zai fito ba, kuma shi kake nema.

Lokaci ma zaɓi ne. Da damina 'yan ci-rani sun koma gona, sai ka tarar da rabin mutanenka babu. Da azumi barci da ci duk sun canja, amsoshin za su karkace. Makonnin kafin Babbar Sallah ba mai sauraronka a kasuwar raguna. A Mil 12 safiya ta sauke kaya ce, ka bari sai bayan azahar.

7. Ma'aikata da horo

Mace ta yi wa mace tambaya, namiji ya yi wa namiji. Su iya Hausa sosai, amma kada su zama 'yan layin da za su yi aiki, don ba mai faɗa wa ɗan maƙwabcinsa cewa mijinta na dukanta. Ɗauko 'yan Idi-Araba su yi Agege, na Agege su yi Idi-Araba. Horo kwana uku: karanta tambaya yadda take ba ƙari, riƙe sirri, da gwajin abin da za a yi in wani ya fashe da kuka. Ka hana su wa'azi. "Ki yi haƙuri, ki yawaita addu'a" magana ce mai kyau, amma in ta fito a tsakiyar hira tana rufe bakin mai magana. Sai kwana biyu na gwaji a wata unguwa daban. Kowace yamma ku zauna minti ashirin ku sauke abin da kuka ji, domin mai jin baƙin cikin mutum shida a rana shi ma yana ɗauke da kaya.

8. Neman yarda da zaman hira

A karanta takardar yarda da baki, da Hausa, a ba mutum kwafinsa. Wanda ya fi gane ajami a tanadar masa. Wanda bai iya sa hannu ba ya dangwala a gaban shaidan da shi ya zaɓa. Mutane na tsoron dangwale saboda yana tuna musu zaɓe da ofishin 'yan sanda, don haka ka bayyana cewa takardar ba ta zuwa ko'ina sai akwatinka. Wanda bai kai 18 ba sai da yardar iyaye ko mai kula da shi, da tasa. Matar aure a nemi izinin maigida don shiga gida, amma e ko a'a nata ne, kuma ba ya zama a wurin. Haka kishiya da uwar miji. In ba wurin keɓewa, ajin Islamiyya bayan an tashi ya wadatar.

Abin godiya ya zama ƙarami, sabulu ko katin waya, a ba da shi ko mutum ya tsaya a tsakiya. In ya yi tsoka, talaka zai yarda da abin da ransa bai so.

In ka tarar da wanda aka ɗaure da mari a ɗaki, kada ka ɗauki hoto, kada ka yi faɗa da iyalin, yawanci gajiya da rashin sanin mafita ne suka kai su. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta ba irin wannan mutum haƙƙin kulawa da mutunci. Kira likitanku a ranar, ku shawo kan iyalin tare da limami.

9. Adana bayanai

Manhajojin tattara amsoshi irin su KoboToolbox ko ODK a wayar Android sun isa, suna aiki ba intanet, a tura da yamma. Kowane mutum lamba ce. Takardar da ta haɗa suna da lamba tana wuri daban a kulle. Kada a tura amsoshi ko muryoyi ta WhatsApp, kada a ɗauki taswirar ƙofar ɗakin wanda ya ce yana shan ƙwaya ko ba shi da takardun zama. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar tsaro na musamman. Duba abin da ya shigo kowane dare. In ka ga ma'aikaci na gama hira cikin minti bakwai, ko duk amsoshinsa sifili ne, ka bi shi fili gobe.

10. Kuɗi

Lissafa da kwanakin aiki. Ma'aikata 4, kowa hira 6 a rana, 24 ke nan, mutum 422 zai ci kwana 18. Da horo da gwaji kwana 23, sau 4, kwanan aiki 92. In a misali ka biya naira 10,000 a rana, 920,000 ke nan kafin komai. Sai motar shiga fili, wadda a Legas takan cinye fiye da yadda aka zata, da kuɗin kwamitin ɗa'a, masu fassara, ɗan jagora na unguwa, data da cajin waya, buga takardun yarda, abin godiya, goron gaisuwa. Layi biyu ne ake mantawa: kuɗin kai marasa lafiya asibiti, da kuɗin taron mayar da sakamako. In kuɗin bai isa ba, rage yawan unguwanni, kada ka taɓa waɗannan biyun.

11. Mayar da sakamako

Kafin ka kai wa malaminka ko mujalla, ka koma inda ka fara. Shafi ɗaya da Hausa, ba sunan kowa, ba bayanin da zai sa a gane mai shi, kamar "wata bazawara mai 'ya'ya bakwai a layin masallaci". Ka kula da yadda za ka faɗi lamba, domin kanun labari irin "rabin 'yan acaɓan Arewa 'yan ƙwaya ne" zai iya zama makami a hannun masu neman a kore su. Ka nuna wa shugabanni rubutun kafin ya fita, su gyara abin da ka fahimta ba daidai ba, amma ba su canja lamba ba.

A yi zama biyu, na maza a ƙofar Sarki ko harabar masallaci bayan la'asar, na mata a Islamiyya. Ka gayyato ma'aikaciyar jinyar nan ta mataki na 2 ta zauna a gaba, a ga fuskarta, a ji sunanta, ta faɗi ranar da take ganin masu irin wannan matsala da ƙarfe nawa take buɗe ƙofa.